Hular Ɗan Kunnen Madam

Ɗiyata ta tashi, tana rarrafe, tana cin tuwo. Kunnenta na hagu ne dai bai koma yadda Allah Ya yi shi ba, kuma ba zai koma ba. Shi ya sa na sayi kaye, wato littafin rubutu, na zauna rubuta wannan da ɗan karatun da na samu na shekara uku a lakwal ɗin Tibiri, don a karanta ma duk wadda ke shirin huda kunnen ɗiyarta. Wadda ta ga na zaƙe ta yi haƙuri. Na gwada yin shiru fiye da wata guda, ban ga abin da ya warkar ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Dumega. Abin ya faru da kaka, shekara ta biyu da anka ce mun karɓi ƙasarmu daga hannun Nasara. Yarinyar tana da wata bakwai. Ita ce ta fari gare ni, kun kuwa san abin da ake so ga uwar ɗan fari: kada ta kama sunan, kada ta yi wasa da ita gaban mutane, in ta yi kuka ta jira sai wani ya ce ɗauke ta. Don haka ba ni na sa ranar huda ba. Uwar mijina, wadda muke ce ma Inna, ita ta kira tsohuwa Tamo. Tamo ta huda da allura, ta bar baƙin zare a kowane kunne, ta ƙulla. Ta ce a riƙa shafa man shanu, a riƙa jan zaren safe da marece don kada nama ya kama shi, kuma kada kowa ya cire sai ya kwana arba'in. Ni ma haka anka yi mani, haka anka yi ma uwata, ga kunnuwanmu nan lafiya lau.

Kwana tara da hudar, yayar mijina ta sauka daga Dogon Dutsi. Sunanta Hajo. Tun da ta auri kumi, mai rubutu a biron kwamanda, ta hana a kira ta haka, sai Madam. Ta shigo gida da takalmi mai tsini tana nutsewa cikin rairayi kamar akuya a taɓo. Ko ruwa ba ta sha ba ta ɗaga yarinyar ta juya kanta.

Ta ce, "Inna, wanga baƙin zare fa? Ɗiyar ƙanena ce ko tunkiyar da anka yi ma shaida?"

Inna ta ce, "Tamo ta ce sai arba'in."

"Tamo ta taɓa ganin zinariya da idonta? A Dutsi ɗiyan ma'aikata ranar da anka huda ranar ake sa masu na kirki. Gobe mai hoto zai zo kasuwar Dumega. Ba za a ɗauki jininmu da zaren ɗinkin buhu ba."

Ta buɗe wani ɗan gwangwani ta fito da ƴan kunne biyu. Ba irin namu ba ne masu lanƙwasa. Miƙaƙƙu ne kamar ƙaramar ƙusa, da ɗan fure rawaya a gaba. Bayan kowanne akwai wani ɗan ƙarfe dabam, bai kai ƙwayar dawa ba, da ƴan fukafukai biyu a naɗe, ana tura shi a kan ƙusar don ya riƙe. Ban san sunanshi ba, sai na sa mashi hula a cikin raina. Ina tsugune bakin murhu na gan ta ta yanke zaren da reza, ta tura ƙarfen cikin ɗanyen rauni. Yarinyar ta yi kukan da ban taɓa ji ba. Madam ta sa babban yatsa ta matse hulunan har naman ya yi fari.

Na ce, "Yaya, kamar ya matse."

Ta ce, "Abu ne mai tsada. So kike shi faɗi cikin rairayinku?"

Inna ta dube ni duban da ke nufin uwar ɗan fari ba ta da baki a nan. Na koma ga tukunyata.

An ɗauki hoton. Yana nan a ɗakin Inna, kowa na iya zuwa ya gani. Madam ta fito sarai da sarƙarta da haƙoranta. Yarinyar tana fizge kai, fuskarta ta zama kamar hayaƙi, ƴan kunnen da anka yi duk wannan dominsu ko ɗigonsu ba a gani.

Madam ta kwana uku. Kafin ta tafi kunnuwan biyu sun yi ja, na hagu ya kumbura ya yi sheƙi. Inna ta ce to a cire tukuna. Na dama ya fito da hularshi. Na hagu, Inna ta kama furen ta fizgo, ƙusar ta fito da jini, hula babu. Madam ta duba ƙasa ta yi tsaki, ta ce ga abin da take gudu nan, ta faɗi cikin rairayi. Ta tattara kayanta cikin gwangwani ta bi motar Dutsi tana ƙorafin an yi mata asara.

Da sunka watse na share ɗakin duka, na tara rairayin, na tankaɗe shi da rariya faifai bayan faifai. Na samu tsohuwar allura da ɗan wuri guda. Ban samu hula ba.

Satin farko kumburin ya ƙaru, ɗiwa ta fara fita, yarinyar ta daina yarda a kwantar da ita ta hagu. Ko nono sai ta gefe ɗaya take kamawa. In na taɓa leɓen kunnen a hankali ina jin wani abu mai tauri a tsakiya, yana motsi ƙarƙashin yatsa. Na gaya ma Inna.

Na ce, "Inna, ina jin hular tana ciki."

"Wace hula?"

"Ta ɗan kunnen."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira maƙwabciyarmu ta katanga. "Zo ki ji. Ɗan kunnen Hajo ya bar hulatai, saura rawani da sanda." Daga ranar in na wuce bakin rijiya sai wata ta ce, "Baraka, an samu hular?" Maganin da Inna ta ba da shi ne garin bagaruwa da man shanu, a cika ramin da shi. Ya bushe a bisa, ɗiwa ta taru a ƙasa.

Na gaya ma maigidana. Mutum ne mai tausayi ƙwarai, musamman ga jakinshi. Yana ɗaure damin hatsi ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce Inna ta goyi bakwai, ni ɗaya na goya. Wannan ita ce gudummuwarshi ta satin.

Sati na biyu masassara ta shigo. Sai anka kira Gwaggo Sa'a, ƙanwar Inna, ƴar bori. Ta shaƙi hayaƙi, ta yi atishawa, ta ce Doguwa ce, ba ta son rawayan ƙarfe a jikin yarinyar, ta yi fushi. A ba ta baƙar kaza da baƙin zane. An ba ta. Bayan kwana uku ta ce fushin bai sauka ba, a ƙara da ƙwaryar gero. Na lura duk abin da Doguwar nan ke so, irin abin da Gwaggo ba ta da shi ne a ɗaka. Ban ce iskoki babu su ba, na ga wanda sunka kayar. Amma ban taɓa jin iskar da ake taɓawa da yatsa ta yi tauri kamar tsakuwa ba. Wanzami kuma ya zo da nashi, ya ce haƙori ne ke tahowa. Wani ya ce baki ne ya kama ta saboda hoton. Kowa ya zo da sunan ciwo, babu wanda ya sa hannu ya taɓa kunnen. Tamo ce kaɗai ta taɓa. Ta daɗe tana murzawa, ta dube ni, ta ce, "Ku kai ta likita." Inna ta ce haushin zarenta take ji.

Sati na uku kaluluwa ta fito a wuyanta kamar ƙwan zabo. Kunnen ya zama wani abu dabam, baƙi-baƙi, yana wari. Da rana tsaka ina riƙe da ita jikinta ya sandare, idanunta sunka juye. Na ajiye kunya, na fita tsakar gida ina kuka gaban kowa. A ranar ce maigidana ya sai da akuya, ya kai mu bakin hanya da jaki, ni da Inna da yarinyar. Munka hau bayan babbar mota bisa buhunan gyaɗa. Shi ya koma, wai hatsi na waje.

Gidan Madam munka sauka a Dutsi. Tana da kwanoni jere cikin akwatin gilashi waɗanda ba a cin abinci a ciki, da kujeru huɗu waɗanda ba a zama a kai. Mu tabarma anka shimfiɗa mamu a zaure. Na gode mata da tuwon da ta ba mu, ban ɓoye ba, ta ciyar da mu kwana goma sha wani abu.

Da safe ta kai mu gidan likita. Mutane sun yi layi tun daga bakin ƙofa har gindin bedi, masu gyambo, masu tari, mata da ƴaƴa a baya. Madam ba ta tsaya ba. Ta ratsa su tana faɗin sunan mijinta, munka bi ta ina sunkuyar da kai. Babban mai ba da magani, wanda ake ce ma Majo, mutumin Dahome ne. Hausarshi ba ta wuce "buɗe baki" da "gobe" ba. Da ya ga mace da takalmi da jaka, ita ya fuskanta. Sunka yi ta Faransanci. Na ji kalma ɗaya-ɗaya daga abin da ya rage mani na lakwal. Ya nuna kunnen ya yi tambaya, na gane yana tambaya ko an cire ɗan kunnen duka. Ta ce i, duka, duka.

Na ce, "Yaya, ki ce mashi hular tana ciki."

Ta ce, "Ke, nan ba bakin rijiya ba ne."

Majo ya tambaye ta mi na ce. Ta yi murmushi ta faɗi wani abu tana kaɗa hannu, na ji kalmar da suke ce ma mutanen ƙauye. Ya shafa jan magani, ya yi ma yarinyar allura, ya ce a riƙa kawo ta kwana biyar. Ba na ganin laifinshi. Ya yi tambayar da ta dace, wadda ta sa takalmi ce ta amsa.

Allurar ta yi aiki, wannan gaskiya ne. Masassarar ta sauka, kaluluwar ta ragu, yarinyar ta kama nono sosai. Madam ta riƙa gaya ma baƙinta yadda ta ceto ɗiyar ƙanenta daga hannun jahilai. Inna ta ce kazar Doguwa ce ta fara aiki sai yanzu. Sunka yi ta gardama kan wanda ya warkar. Ni kuwa kullum in na taɓa, abin nan mai tauri yana nan inda yake. Kwana huɗu da gama allura zafin jiki ya dawo, ɗiwa ta ɓalle ta bayan kunne. Inna ta fara ɗaure kaya, ta ce maganin Nasara ya gaza, a koma gida wurin Gwaggo.

Ban taɓa ɗaukar abin wani ba, amma ranar na ɗauka. Madam ta tafi gidan suna da sassafe, Inna tana bayan gida. Na buɗe akwatin gilashin, na samu ɗan gwangwanin bayan kwanoni, na ɗauki ɗan kunnen dama da hularshi na ƙulle a bakin zane. Na goya yarinyar na fita ban yi sallama ba.

Wannan karon layi na bi, kamar kowa. Tun rana ba ta yi zafi ba har inuwar bedin ta koma ƙarƙashinshi. Wata Bazabarma da ke gabana ta ba ni ruwa a butarta. Wani tsoho mai kumburin ƙafa ya ce in wuce gabanshi, nashi ciwon ya saba da shi. Allah Ya saka masu. Da na isa ƙofa, wata mata ce ke wanke raunuka, Mariya sunanta, Kirista ce ƴar nan Dutsi, da ɗan gicciye a wuya. Ta ɗauki takarda.

Ta ce, "Sunan yarinya?"

Na waiga, babu Inna, babu kowa namu. Na ce, "Rakiya." Karon farko ke nan da sunan ya fita bakina da ƙarfi.

"Ba ke ce kunka zo da matar kumi ba? Mi ya faru kuma, ƙanwata?"

Ban yi dogon bayani ba, na gaji da a yi mani dariya. Na kwance bakin zane, na ɗaga ɗan kunnen, na zare hular a gabanta, na riƙe ƙusar a hannu ɗaya, hular a ɗaya. Na ce, "Na dama ya fito da wagga. Na hagu bai fito da ita ba. Na tankaɗe ɗaki duka."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa yatsu biyu ta taɓa kunnen, yarinyar ta tsala kuka. Ta kira Majo, ta nuna mashi abin da ke tafin hannuna. Ya ɗauka ya duba, ya taɓa kunnen shi ma, ya dafa goshi. Ya ce, "Papiyo." Ya sake faɗi yana girgiza kai. Mariya ta ce mani haka suke kiran ɗan ƙarfen, da sunan malam-buɗe-littafi a Faransanci, saboda fukafukan nan nashi. Ashe yana da suna. Wata guda ana yi mani dariya don ban san shi ba.

Ni na riƙe ta. Mariya ta kama kan, Majo ya tsaga ta baya da ƴar wuƙa. Ɗiwa ta fito da yawan da ban san kunnen jariri na iya ɗauka ba. Ya sa ɗan hantsaki ya laluba, ya jawo abin ya jefa cikin kwano, ya yi ƙara. Hular ce, ta yi kore, rawayan duk ya tafi. Mariya ta ɗauraye shi ta duba a haske, ta ce, "Wanga ko hanyar da zinariya ta bi bai bi ba." Naman gefen ya riga ya mutu, dole Majo ya yanke shi. Ya yi magana mai tsawo, Mariya ta juya mani da Hausa: da an ƙara sati guda, ba kunne za a yi ta kai ba. Ta naɗe ƙarfen a takarda ta ba ni. Kwana shida ina kai ta ana canza ƙyalle, Mariya ba ta taɓa ɗaga mani murya ba.

Ranar da anka ciro hular, na maida ɗan kunnen dama cikin gwangwani kafin Madam ta dawo. Da marece ta matsa mani da tambaya, mi Majo ya ce, da wa na yi magana. Na ce ya ciro abu, ya ce papiyo ne. Na ga fuskarta ta canza, don ta san abin sarai. Inna ta ce mi ke nan da Hausa. Madam ta ce, "Malam-buɗe-littafi. Ƙwaro ne, Inna. Ƙwaro anka ciro."

Inna ta yi salati. Ta ce dama ta faɗa, wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, jifa ne. Na buɗe baki, Madam ta ce in tashi in duba tukunya. A gidanta nake, ɗiyata kuma tana bukatar sauran kwanakin wankin. Na tashi.

Labarin ya riga mu isa ƙauye. Kafin mu sauka daga jaki an san likitan Dutsi ya ciro malam-buɗe-littafi da rai daga kunnen jikar Inna, wasu sun ce har ya tashi ya fita ta taga. Gwaggo Sa'a ta ce ita ta kore shi daga kai zuwa kunne, inda wuƙa za ta same shi. Sai anka shiga neman wanda ya yi jifan. Ba a je nesa ba. Wa ya fara taɓa kunnen? Wa anka cire ma zare ta ji haushi? Cikin kwana uku mata sun daina gaida Tamo, wata ta janye ɗanta daga hanyarta.

Ranar Juma'a mata sunka taru gidanmu yin barka. Madam ma ta zo karɓar tata godiyar. Tamo ta shigo a ƙarshe ta zauna can bakin ƙofa, babu wadda ta matsa mata tabarma. Inna tana tsakiya tana nuna girman ƙwaron da hannu, ya kai tafin hannu yanzu. Yarinyar tana cinyata, kunnen ya bushe, da giɓi a leɓen kamar an ɗan gutsure.

Na kwance bakin zanena, na buɗe takardar, na ɗora abin bisa faifai, na tura shi tsakiyar tabarma.

Na ce, "Ga abin da anka ciro daga kunnen Rakiya. Ni na riƙe ta, a gabana ya faɗa kwano."

Inna ta ce, "Baraka, sunan wa kika kama?"

"Na ɗiyata, Inna."

Faifan ya fara zagayawa. Kowa ta ɗauka ta juya, ta miƙa ma ta kusa. Wata ta ce wannan ai ƙarfe ne. Wata ta ce ƙila ƙwaron ne ya rikiɗa, irin aikin masu jifa. Na ga har wasu sun fara gyaɗa kai, na ce a raina shi ke nan, wannan ma sun haɗiye shi. Sai maƙwabciyarmu ta ce abin tsafi ba a barinshi cikin gida, a kai shi a jefa tsohuwar rijiya. Ta miƙe da faifan a hannu.

Madam ta tare ta da sauri. Ta ce, "Kawo nan. Wace irin rijiya? Na ɗan kunnena ne, wata guda ɗayan na zaune babu shi."

Ta ɗauke shi, ta goge da bakin gyale, ta buɗe jaka. Sai da ta rufe jakar ta ɗaga kai ta ga kowa na kallonta. Inna ta tsura ma ƙasa ido.

Daga bakin ƙofa Tamo ta ce, "To, Hajo. Ashe ƙwaron naki ne."